Abin da Hantar Kifi Ke Faɗa Game da Gurɓatar Teku

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya kama da wuta a Tekun Meziko. Ma'aikata 11 suka rasa rayukansu, rijiyar da ke ƙarƙashinsa kuma ta shafe kwana 87 tana aman ɗanyen mai. Tun man bai iso gaɓa ba, wasu masana na jami'ar jihar Louisiana, cikinsu har da Andrew Whitehead, suka shiga fadamun bakin teku suna kamo wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira killifish. Da man ya iso suka koma, da ya lafa suka sake komawa. A tsibirin Grand Terre, inda man ya sauka, ruwan da suka ɗiba bai nuna abin tashin hankali ba, domin gubar man da na'ura ta gano a ciki 'yar kaɗan ce. Jikin kifin kuwa wani labari ya bayar. Hantarsa ta tashi haiƙan tana aikin kawar da guba, mashaƙar ruwan da ke gefen kansa ta cika da wani furotin da ba ya yawaita sai an gamu da dangin mai, naman mashaƙar ma ya sauya kama. Har bayan man ya ɓace wa ido, alamar ba ta gushe ba.

Irin wannan saɓani tsakanin abin da ruwa ya nuna da abin da jiki ya nuna shi ya haifar da wata hanyar sa ido kan teku da masana ke bi tun tsakiyar shekarun 1970. Bayan an duba abin da ke cikin ruwa, sai a duba abin da ya shiga jikin kifi da kuma abin da ya yi masa. Amsar tana cikin enzayim, wato wasu furotin da kowane mai rai ke ƙerawa a ƙwayoyin halittarsa don su hanzarta sauyin sinadarai: wani ya narkar da abinci, wani ya haɗa jini, wani ya farfasa guba. Idan baƙon sinadari ya shigo, wasu enzayim sukan ninka yawansu, wasu kuma su durƙushe, wannan hawa da faɗuwa kuwa ana iya auna su. Duk wanda likita ya taɓa tura shi gwajin hanta ya riga ya ci karo da dabarar, domin ALT da AST da ake dubawa a jininsa enzayim ne masu zuba cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji ciwo, su ɗin ne kuma ake dubawa a jinin kifi. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

Gazawar kwalbar ruwa

Wanda ya tsoma kwalba a teku ya ɗebi ruwan wannan sa'ar ne kawai, a wannan gurbin. Ruwan bakin teku yana cika yana janyewa, a mafi yawan wurare sau biyu a rana. Masana'anta na iya sakin dattinta da tsakar dare, maganin feshi kan gangaro daga gonaki bayan ruwan sama ya wuce cikin kwana biyu, mai awo kuma ya zo bayan mako guda ya tarar da ruwa garau. Kifin da ke zaune a wurin bai je ko'ina ba, duk abin da ya ratsa ya ratsa ta mashaƙarsa.

Sannan na'urar awon sinadarai abin da aka ce ta nema shi take nema. Ɗanyen mai kaɗai yana ɗauke da dubban sinadarai, jerin da hukumomi suka saba dubawa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ko an gano guba a cikin lakar ƙasan teku, adadin da aka samu bai faɗi nawa ne ke iya shiga jikin mai rai ba, tunda wata gubar ta manne wa laka ƙam, wata kuma a sake take.

Akwai kuma wani abin da ya daɗe yana ruɗa masu bincike. Mafi haɗarin abin da ke cikin ɗanyen mai shi ne wani rukunin sinadarai da ake taƙaita sunansu da PAH, waɗanda ake samu har ila yau a kwalta da hayaƙin duk abin da bai ƙone sarai ba. Halittu masu ɓawo da ke manne da duwatsu, dangin ƙumba, ba su iya farfasa su sosai, sai su tara su a jiki. Shi ya sa Edward Goldberg ya ba da shawara a 1975 a riƙa amfani da su wajen sa ido kan gaɓar teku. Kifi kuwa hantarsa na sarrafa PAH da sauri ta tura su maɗaciya. Saboda haka kifi na iya kwana cikin ruwa mai guba, a yanki tsokarsa a auna, a ga kusan babu komai. Gubar ta shiga, ta yi aikinta, ta fita, sai dai ta bar sawu a kan enzayim ɗin da suka yi dawainiya da ita.

Enzayim ɗin da mai ke tayarwa

Babban cikinsu shi ne wanda ake kira CYP1A. A cikin ƙwayar halittar kifi akwai wani furotin mai tarbar baƙi, sunansa AhR. Idan PAH, ko dayoksin, ko wasu daga cikin sinadaran PCB da aka daɗe ana zubawa a taransifoma, suka shigo, sai su liƙe masa, shi kuma ya wuce tsakiyar ƙwayar halittar ya kunna ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera CYP1A. Cikin 'yan kwanaki ƙarfin aikin enzayim ɗin a hanta na iya ninkawa sau goma ko fiye. Masanin nan na Kanada, Jerry Payne, shi da Penrose, su suka nuna a 1975 cewa man fetur na tayar da irin wannan enzayim a kifi, a 1976 kuma Payne ya wallafa a mujallar Science cewa kifayen da aka kamo kusa da inda mai ke gurɓata ruwa a Newfoundland sun fi na nesa ƙarfinsa.

Gwajin da aka fi yi a yau sunansa EROD, kuma aikin tun a cikin jirgin ruwa yake farawa. Dole kifin ya fito da rai, domin enzayim na soma lalacewa da zarar ya mutu. A auna tsawonsa da nauyinsa, a rubuta namiji ne ko mace, a farke ciki, a yanko ɗan gutsuren hanta ba tare da an fasa maɗaciya ba, a sa a 'yar kwalbar roba, a jefa cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A ɗakin gwaji sai a niƙa hantar a kan ƙanƙara, a wulwula ta a na'ura har ta rabu kashi-kashi, a ɗebi kashin da enzayim ɗin yake, a ɗiga masa wani sinadari na musamman. CYP1A zai yanke wa sinadarin wani ɗan reshe, ya koma resorufin, wanda ke ƙyalli ja-ja idan an haska shi. Saurin ƙaruwar ƙyallin shi ne ƙarfin enzayim ɗin.

Wannan tashi na CYP1A kariya ce mai tafe da haɗarinta. Yayin da yake sauya PAH don su narke a ruwa su fita, yakan mai da wasu, irin su benzopirin, su zama masu kaifin da ke liƙe wa DNA. Masanan hukumar NOAA ta Amurka sun bi wannan zare a Eagle Harbor da ke mashigin Puget, inda wata masana'anta ta yi shekaru tana jiƙa katako da kiriyosot, man kwaltar nan da ke hana katako ruɓewa. Kifayen da ke kwanciya a kan lakar wurin an same su da ragowar PAH a maɗaciya, da tabo a DNA, da ciwuka da ƙari a hanta fiye da na sauran wurare. Da aka binne gurɓatacciyar lakar da sabon yashi a 1993 da 1994, ciwon hantar ya yi ta raguwa a shekarun da suka biyo baya.

Waɗanda guba ke durƙusarwa

Wani enzayim kuma faɗuwarsa ake dubawa. Idan jijiya za ta aika saƙo ga tsoka, takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Da saƙon ya isa, sai enzayim AChE ya share shi don tsokar ta huta. Magungunan ƙwari na gidan oganofosfet da na kabamet aikinsu ke nan su toshe AChE. Dikulobos, wanda ke cikin magungunan ƙwarin da aka saba gani a kasuwanninmu, ɗan wannan gida ne, haka ma malatiyon da kulofirifos. Abin da ke sa wanda ya sha irin wannan guba ya yi ta dalalar da yawu da makyarkyata, shi ke sa kifi ya rasa daidaito, ya yi ta juyawa, ya kasa kama abinci ko tsere wa mai cin sa. Ana auna AChE a ƙwaƙwalwa ko tsoka da hanyar da George Ellman da abokan aikinsa suka fitar a 1961, inda ruwan gwaji ke rinewa zuwa ruwan ɗorawa. In rinin ya yi jinkiri, an taɓa enzayim ɗin. Amfanin gwajin shi ne, waɗannan magunguna ba su daɗewa a ruwa, amma kifi kan yi makonni kafin AChE ɗinsa ya farfaɗo. Masana da dama na ɗaukar raguwar da ta wuce kashi 20 cikin 100 a matsayin alamar an gamu da gubar, in ta haura kashi 70 a ƙwaƙwalwa kuwa, a nau'o'in kifi da yawa mutuwa ta kusa.

Sai ALAD, mai taimakawa wajen haɗa jan sinadarin jini. Dalma ce ke toshe shi, kuma kusan ita kaɗai, don haka yana cikin gwaje-gwajen da suka fi nuna mai laifi kai tsaye. Ba ya buƙatar a kashe kifin, ɗan jinin da aka zuƙa daga jijiyar wutsiya ya wadatar. Akwai kuma rukunin su GST da katalas da SOD, masu share ɓarnar da guba ke haddasawa a cikin ƙwayar halitta. Waɗannan suna da sauƙin aunawa, shi ya sa suka cika rubuce-rubucen bincike, amma kusan komai na motsa su, daga zafi zuwa yunwa zuwa ƙarancin iska a ruwa. Sukan nuna kifi na cikin wahala, ba sa faɗin abin da ya wahalar da shi.

Daga ɗakin gwaji zuwa tsarin ƙasashe

Kafin hukumomi su yarda da waɗannan gwaje-gwaje sai da aka tara masana daga ƙasashe daban-daban aka ba su kifi iri ɗaya, daga wuri ɗaya, kowa ya gwada dabararsa. An yi haka a Oslo a 1986, aka yi a Bermuda a 1988, sannan a Bremerhaven ta Jamus a 1990, inda jiragen bincike suka bi layi daga kusa da bakin kogin Elbe har zuwa tsakiyar Tekun Arewa suna kamo wani faffaɗan kifi mai suna dab. Daga nan EROD da AChE suka shiga jerin abubuwan da ƙasashen yarjejeniyar OSPAR ke amfani da su a arewa maso gabashin Atlantika, ƙasashen Bahar Rum ma suka zaɓi nasu kifin.

Suwidin ta nuna amfanin juriya a wannan aiki. A shekarun 1980 masananta sun sami EROD a sama ƙwarai a kifin perch da ke kusa da masana'antar takarda ta Norrsundet, mai wanke niƙaƙƙen itace da kulorin, kuma ƙarfinsa na raguwa gwargwadon nisa daga bakin bututun. Daga 1988 ƙasar ta fara auna kifin kowace shekara a Kvädöfjärden, wurin da aka zaɓa musamman don ba shi da wata masana'anta kusa. Shekara na bin shekara sai aka ga EROD na hawa a hankali a wannan wuri da ake ɗauka mai tsabta. Da awon shekara ɗaya aka yi, ko biyu, da babu wanda zai lura.

A Alaska kuma, bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya daki dutse ranar 24 ga Maris, 1989, ya zubar da kimanin lita miliyan 40, an zaci 'yan shekaru kaɗan za su share komai. Shekara 10 bayan haka aka sami CYP1A a sama a wasu kifayen bakin gaɓar da man ya taɓa. A wata agwagwar teku mai kiwo a wuraren, alamar ta kai shekara 20, sai a 2013 aka ga ta daidaita da ta sauran wurare. Ashe akwai ragowar mai a binne ƙarƙashin tsakuwar gaɓa. Amma a nan ma aka ga iyakar hujjar, domin wasu masanan, ciki har da waɗanda kamfanin mai jirgin ya ɗauki nauyin bincikensu, sun yi nasu awon suka ce bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma akwai wasu hanyoyin da PAH ke shigowa yankin. Enzayim ɗin bai ɗauke da sunan jirgin da man ya fito daga cikinsa.

Inda awon ke yaudara

Wanda ya ga lamba ta hau ya yi saurin cewa an gurɓata ruwa, zai iya shan kunya. A nau'o'in kifi da yawa, EROD na mace yakan faɗi ƙasa lokacin da take shirin zuba ƙwai, saboda sinadarin mata na jiki yana danne shi, na namiji kuma yana sama. Zafin ruwa na sauya shi, haka shekarun kifi, da ƙoshinsa, da abin da ya ci. In aka kwatanta matan da aka kama a wata guda da mazan da aka kama a wani watan, za a sami bambanci ko da ruwan nan ɗaya ne. Shi ya sa ƙa'idar aikin take da tsauri: nau'i ɗaya, jinsi ɗaya, girma ɗaya, wata ɗaya a kowace shekara, nesa da lokacin ƙwai.

Gubobi kuma ba su zuwa ɗai-ɗai. A tashar jiragen ruwa ana iya samun PAH mai tayar da CYP1A tare da TBT, sinadarin fentin ƙasan jirgi da aka haramta a duniya daga 2008, wanda shi kuma danne enzayim ɗin yake yi. Kadmiyom da zaiba ma na iya danne shi. Ɗaya ya ja sama, ɗaya ya ja ƙasa, sakamako ya fito tsaka-tsaki, mai karatu ya ɗauka lafiya lau. Idan gubar ta yi yawa har hanta ta lalace, enzayim ɗin ma faɗuwa yake yi. Ga kuma yawon kifi: wanda aka kama a nan wataƙila jiya yana can wani wuri. Maganin wannan shi ne a zaɓi kifi mazaunin wuri ɗaya, ko a kawo lafiyayyu daga wuri mai tsabta a sa su cikin keji a rataye a ruwan na 'yan makonni.

Mafi ban mamaki shi ne kifin da ya daina amsawa gaba ɗaya. Kamfanin General Electric ya yi kimanin shekara 30, har zuwa 1977, yana sakin PCB a kogin Hudson na jihar New York. A 2011 Isaac Wirgin da abokan aikinsa suka nuna cewa kifin tomcod na kogin ya sami ɗan sauyi a ƙwayar gadon AhR, wanda ya sa gubar ba ta kama furotin ɗin da kyau. A 2016 wani bincike ya nuna makamancin haka a killifish na wurare huɗu mafi gurɓata a gaɓar gabashin Amurka, ciki har da tashar New Bedford da kogin Elizabeth na Virginia, inda wasunsu ke jure gubar da ta ninka wadda ke kashe 'yan uwansu har sau 8,000. Waɗanda jikinsu ke amsawa da ƙarfi sun mutu tun suna ƙwai, masu shiru suka hayayyafa. Mai awon da bai san tarihin wurin ba zai iya samun EROD a ƙasa a ruwan da ya fi ko'ina guba, alhali kifin na ɗauke da PCB a jikinsa yana miƙa wa duk abin da ya cinye shi.

Duk wannan ya sa masu aikin ba su dogara da gwaji ɗaya. Sukan haɗa EROD da awon ruwan maɗaciya, da duba yankin hanta a madubin ƙara girma, da awon laka. Enzayim gargaɗin farko ne mai arha da sauri, mai nuna inda ya kamata a kashe kuɗin babban bincike.

Lafiyar kifi daban, lafiyar mai ci daban

Mai karatu na iya tambaya ko wannan awo zai gaya masa kifin da ke cikin tukunyarsa na da haɗari. Ba aikinsa ba ke nan. Tashin CYP1A na nufin kifin ya gamu da guba, amma tunda hanta ta riga ta sarrafa ta, tsokar na iya zama ba ta da wani abin damuwa. A ɗaya gefen, zaibar da ta halaka mutanen Minamata a Japan, cutar da aka gano a hukumance a 1956, taruwa take yi a tsoka, kuma awon tsokar ne ke gano ta.

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agusta 2011 ya nuna wannan bambanci ƙarara. Ya sami sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya ce gyaran yankin na iya cin shekara 25 zuwa 30. Amma game da kifi, cewa ya yi taruwar sinadaran mai a namansa ba ita ce babbar barazana ga lafiya ba. Abin da ya kashe sana'ar masunta shi ne lalacewar dazuzzukan mangurof inda kifi ke hayayyafa, da gurɓatar rafuka. Masunci zai iya kama kifin da namansa ya tsallake awo, daga ruwan da ƙananan kifi ba su rayuwa a cikinsa. Wannan giɓi tsakanin tsabtar nama da mutuwar zuriya shi ne awon enzayim ke iya haskawa tun taru bai fara fitowa wayam ba.

Gaɓar Afirka ta Yamma

Mai zaune a Kano ko Damagaram zai iya ganin teku ta yi masa nisa, amma galibin man ƙasashenmu can yake sauka. Bututun Chadi daga Doba yana ƙarewa a Kribi ta Kamaru tun 2003. Ghana ta fara haƙo mai a rijiyoyin Jubilee a ƙarshen 2010. A Disambar 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala a filin man Bonga da ke tekun Najeriya. A 2024 man Agadem na Nijar ya fara shiga jirage a Seme ta Benin, a shekarar kuma babbar matatar Lekki ta soma aiki. Ruwan da ya wanke gonakin Sakkwato da Kabi ma kogin Kwara yake bi zuwa wannan gaɓa, busasshen kifinta kuma yana hawowa kasuwanninmu.

Ba a rasa masu bincike ba. Jami'o'in Najeriya sun yi rubuce-rubuce da yawa kan enzayim ɗin tarwaɗa da karfasa, a Tanzaniya ma an gwada EROD da AChE a tarwaɗa. Sai dai galibin aikin a cikin tankin ɗakin gwaji ake yin sa: a zuba wa kifi maganin ƙwari na 'yan kwanaki, a auna, a rubuta, ɗalibi ya kammala digiri, aikin ya tsaya. Wannan yana tabbatar da cewa enzayim ɗin na amsawa, abin da aka riga aka sani. Abin da ke da wuya shi ne sanin matsayinsa na yau da kullum a lafiyayyen kifi, a rani da damina, lokacin da ruwan kogi ya rinjayi na gishiri da lokacin da ya janye. Mafi yawan ma'aunan da duniya ke amfani da su an gina su ne a kan kifayen ruwan sanyi na Turai da Amurka, ba za a ɗora su haka kawai a kan kifin lagun ɗin Legas ba.

Kifayen da suka dace da aikin suna nan: karfasar lagun mai baƙar haɓa, da ɗan kifin nan mai tsalle a kan taɓon mangurof wanda ba ya nisa da raminsa. Gwajin AChE da na ALAD na'urar auna launi kawai suke buƙata, irin wadda ke ɗakunan gwaji da yawa. Babban cikas shi ne sanyi. Hanta na buƙatar firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri, in wuta ta ɗauke na kwana biyu ba janareta, aikin shekara guda ya tashi a banza, kuma abin haɗarin shi ne lalataccen samfuri ƙaramar lambar EROD yake bayarwa, mai kama da ta ruwa mai tsabta.

Najeriya na da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai tun 2006, ƙasashen yankin kuma na da yarjejeniyar Abidjan ta 1981 kan kare gaɓarsu. Abin da ya kamata irin waɗannan hukumomi su ɗauka aiki ne mara armashi: wurare kaɗan tabbatattu, wasu kusa da tashoshin mai, wasu nesa, kifi iri ɗaya, wata ɗaya kowace shekara, ɗakunan gwaji biyu ko uku masu musayar samfuri don su duba juna, sakamako kuma a buga shi kowa ya gani, kuɗin aikin kada ya rataya ga yardar kamfanin da ake sa wa ido. Malalar man da aka yi a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008 sai a Janairun 2015 aka sasanta ta a kan fam miliyan 55, bayan shekaru ana jayayya kan yawan man da girman ɓarnar. Bayan hatsari kowane ɓangare na zuwa da nasa masanin da nasa awon, kuma lambar da aka samu a lokacin ba ta da abin da za a kwatanta ta da shi. Masuncin da zai tsaya gaban kotu nan da shekara goma yana neman diyya, ƙarfin hujjarsa ya dogara ne ga ko wani ya auna hantar kifin rafinsu a bana, tun ruwan bai ɓaci ba.